Fastoci da Allunan 'Yan Takara: Yadda Dokokin Talla Suka Shafe Su a Hanwa, Samaru da Sabon Gari

An shirya wannan bayani ne domin faɗakar da jama'ar ƙaramar hukumar Sabon Gari da maƙwabtanta, musamman mazauna karkara, da masu unguwanni, da dagatai, da kansiloli, da ma'aikatan sakatariya waɗanda aikin kula da alluna da tattara kuɗin shiga ya rataya a wuyansu. Da zarar kakar siyasa ta kama, duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga PZ ta bi ta gefen Hanwa da Kwangila da Palladan ta nufi Samaru, zai ga yadda fuskokin 'yan takara kan mamaye katangu da turakun wutar lantarki da ginshiƙan gada da jikin itatuwa. Tare da su kuma sai ƙorafe-ƙorafe su taso. Wani ya wayi gari an dame masa katanga da sitaci ba da saninsa ba, wani an tuge masa allo an bar na abokin hamayyarsa, wani kuma an karɓi kuɗinsa da sunan haraji ba a ba shi rasit ba. Yawancin waɗannan rigingimu suna da amsa a cikin doka, sai dai amsar ba a takarda ɗaya take ba.

Ikon wane ne?

Tushen maganar yana cikin Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999. Sashe na 7 ya tabbatar da tsarin ƙananan hukumomi, Jadawali na Huɗu kuma ya lissafa ayyukansu. A cikin jerin akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, da sanya wa tituna suna, da rajistar haihuwa da mutuwa, sannan akwai sa ido da tsara tallace-tallacen da ake kafawa a waje da allunansu. Wato tun daga tushe, allon da aka kafa a bakin hanya a Hanwa ko Bomo ko Zabi abu ne da ya shiga hurumin ƙaramar hukuma. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998, wadda ta rarraba haraji tsakanin matakan gwamnati uku, ita ma ta sanya kuɗin izinin alluna da talla a ɓangaren ƙananan hukumomi.

Kotuna ba su ɗauki wannan jadawali da wasa ba. A 1998, a shari'ar kamfanin Knight Frank da Rutley da Babban Lauyan Jihar Kano, Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamnatin jiha ba ta da ikon bayar da kwangilar ƙiyasta harajin gidaje, domin aiki ne da tsarin mulki ya bai wa ƙananan hukumomi. Shari'ar ba a kan alluna aka yi ta ba, amma lauyoyi kan kafa hujja da ita duk lokacin da aka yi jayayya a kan abin da ke cikin jadawalin.

To amma a aikace abin bai tsaya ga ƙaramar hukuma kaɗai ba. Babban allo mai ƙafafun ƙarfe da aka zuba wa kankare gini ne, kuma gini a yankin da aka ayyana a matsayin birni yana buƙatar amincewar hukumar tsara birane ta jiha, wato KASUPDA. Ta fuskar kuɗi kuma, dokar haɗe haraji da Jihar Kaduna ta yi a 2016, wadda aka sabunta a 2020, ta ɗora tattara kuɗin shiga a hannun hukumar haraji ta jiha, KADIRS, ta kuma hana jami'ai karɓar tsabar kuɗi a hannu. Ga kuma Gwamnatin Tarayya. Babban titin Kaduna zuwa Kano da ya bi ta gadar sama ta Kwangila, da hanyar da ta wuce Samaru da Shika ta nufi Funtuwa da Gusau da Sakkwato, hanyoyin tarayya ne, kuma Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya tana riƙe da filin gefensu har mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare. Saboda haka allo guda a Kwangila yana iya zama a ƙasar ƙaramar hukumar Sabon Gari, a cikin filin hanyar tarayya, a kuma yankin da KASUPDA ke kula da gine-ginensa. Wanda ya samu takarda daga ɗaya kawai ya ɗauka ya gama, shi ne wanda daga baya zai zo yana cewa an zalunce shi.

Wasu jihohin sun bi wata hanyar. Legas ta kafa hukumar kula da alluna ta musamman, LASAA, a 2006, jihohi da dama kuma suka kwaikwaye ta. Duk da haka sunan ƙaramar hukuma bai fita daga Jadawali na Huɗu ba, kuma tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, magana a kan haƙƙoƙinsu ta ƙara ƙarfi.

Fastar ɗan takara talla ce, amma ba tallar sabulu ba ce

Nan ne mafi yawan kuskure ke faruwa, kuma ta ɓangarori biyu. 'Yan siyasa da magoya bayansu sukan ɗauka cewa tunda zaɓe aikin ƙasa ne, dokar talla ba ta hau kansu ba. Wannan ba daidai ba ne. Allon da ya tare wa direba gani a kwana, haɗarinsa ɗaya ne, ko hoton kwalbar lemo ne a jikinsa ko hoton mai neman kujerar sanata. Ƙa'idojin da suka shafi girman allo, da nisansa daga kwalta, da ƙarfin ƙafafunsa, da neman izini kafin a kafa shi, duk sun hau kan ɗan takara kamar yadda suka hau kan ɗan kasuwa.

A ɗaya ɓangaren kuma, wasu jami'ai sukan manta cewa fastar siyasa magana ce, kuma sashe na 39 na tsarin mulki ya bai wa kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin ra'ayinsa da yaɗa shi, sashe na 40 kuma ya ba shi 'yancin shiga jam'iyyar da yake so. Gaskiya ne sashe na 45 ya yarda a taƙaita waɗannan haƙƙoƙi domin tsaro da zaman lafiya da lafiyar jama'a da kare haƙƙin wasu, amma ya gindaya sharaɗi: sai da doka, kuma dokar da hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Umurnin baki daga wani babba ba doka ba ne. Ma'anar wannan ga jami'in da ke bakin aiki mai sauƙi ce. Yana da ikon tambayar inda aka kafa allo, da girmansa, da takardar izininsa. Ba shi da ikon duba hoton wanda ke jiki kafin ya yanke shawara. Idan ya cire allon jam'iyya ɗaya a shataletale saboda ya tare hanya, ya bar na wata jam'iyyar a gefensa mai girma iri ɗaya, to ya fita daga aikin hukuma ya shiga yaƙin neman zaɓe da kayan gwamnati. Sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana amfani da kayan aikin gwamnati domin fifita wata jam'iyya ko danne wata.

Ba a Nijeriya kaɗai ake wannan muhawara ba. A Amurka, a 2015, Kotun Ƙoli ta soke dokar alluna ta wani gari mai suna Gilbert a jihar Arizona, domin dokar ta bambanta girman allo da tsawon zamansa gwargwadon abin da aka rubuta a jiki. A Faransa kuwa, hukumar kowane gari ce ke kafa alluna na musamman lokacin zaɓe, a bai wa kowane ɗan takara fili daidai da na ɗan'uwansa. Wannan tsari na biyu abin dubawa ne ga kansilolinmu. Da za a keɓe bango ɗaya ko allo ɗaya a kasuwar Samaru, da wani a Dogarawa, da wani a Basawa, a raba shi daidai tsakanin jam'iyyu, da an rage rabin rigimar, kuma kuɗin da za a kashe bai kai na goge katangun makarantu bayan zaɓe ba.

Maganar kuɗi

Kuɗin izini halal ne idan yana rubuce a doka, kuma farashinsa ɗaya ne ga kowa. Ya zama abin zargi idan aka tsawwala shi har ya zama katanga. Gabanin zaɓen 2023 an ga haka a wasu jihohi. A Anambra, alal misali, hukumar alluna ta jihar ta sanar a 2022 cewa mai neman shugabancin ƙasa zai biya naira miliyan 10 kafin ya liƙa fastocinsa. Shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, na wancan lokaci, Farfesa Mahmood Yakubu, ya ja kunnen gwamnatocin jihohi a kan amfani da ƙarfin mulki wajen takura wa 'yan adawa a lokacin kamfe. Tsadar irin wannan kuɗi ba babban ɗan takara take kayarwa ba, domin shi yana da shi. Wanda take kayarwa shi ne malamin makarantar da ya ajiye aiki ya fito takarar kansila a ƙaramar jam'iyya.

Ana kira ga jama'a da su riƙe abu uku a duk lokacin da wani ya zo neman kuɗin allo. A nemi ganin katin shaidar aikinsa. A nemi ya nuna inda aka rubuta kuɗin a doka. A kuma biya ta banki ko ta hanyar da hukumar haraji ta tanada, a karɓi rasit. Kuɗin da ba ya rubuce a doka ba haraji ba ne, ko da wanda ya zo karɓarsa yana sanye da rigar aiki. Su kuma 'yan takara su sani cewa abin da suka kashe wajen buga fastoci da hayar alluna yana cikin lissafin kuɗin yaƙin neman zaɓe, wanda doka ta yi wa iyaka. A zaɓen 2023 iyakar ita ce naira biliyan 1 ga mai neman gwamna, miliyan 100 ga sanata, miliyan 70 ga ɗan majalisar wakilai, da miliyan 30 ga ɗan majalisar jiha.

Katangar gida, gona da itace

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar talaka, kuma shi ne aka fi yi wa rashin fahimta. Katangar gidan mutum dukiyarsa ce. Babu jam'iyyar da ke da ikon liƙa mata takarda ko shafa mata fenti ba tare da yardarsa ba, ko da jam'iyyar ce ke mulki, ko da ɗan takarar ɗan unguwa ne. Takardar izinin da hukuma ta bayar ba ta maye gurbin yardar mai gida, domin hukuma ba ta bayar da abin da ba nata ba. Shiga haraba ba da izini ba da lalata dukiyar wani, laifuffuka ne a Dokar Final Kot ta Jihar Kaduna ta 2017. Mai gida yana da ikon ɓare abin da aka liƙa masa ba da saninsa ba, kuma babu wanda zai ce ya yi wa jam'iyya laifi. Sai dai hikima ita ce ya fara sanar da mai unguwa, musamman idan ya san yaran da suka liƙa suna kusa, domin a kira shugaban jam'iyyar na gunduma ya sa su cire da hannunsu.

A Samaru da Hanwa, inda gidajen haya suka yi yawa saboda ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, akwai wata tambayar: ɗan haya fa? Abin da ya rataya a cikin ɗakinsa ko a jikin babur ɗinsa ra'ayinsa ne. Amma katangar waje, wadda masu wucewa za su ɗauka ra'ayin gidan ne gaba ɗaya, ya kamata ya nemi yardar mai gidan tukuna. A gidan da mutum goma ke haya, kowa da jam'iyyarsa da addininsa da garinsu, fasta ɗaya a ƙofar gida tana iya jawo wa mutum tara abin da ba su nema ba.

Haka abin yake ga gona. 'Yan kwangilar alluna sukan zaɓi gonakin bakin hanya, su haƙa rami su zuba kankare, wani lokaci da rani sa'ad da manomi ba ya zuwa kullum. Manomi yana da haƙƙin a tambaye shi, yana da haƙƙin ya ƙi, yana kuma da haƙƙin karɓar kuɗin haya idan ya yarda. Ana shawartarsa da a rubuta yarjejeniyar a gaban dagaci ko mai unguwa, a faɗi ranar da za a tuge allon, da wanda zai fasa kankaren ya cike ramin. In ba haka ba, zaɓe zai wuce, ɗan takara ya tafi Kaduna ko Abuja, ko ya koma gida, a bar manomi da dunƙulen siminti yana karya masa garma shekara da shekaru. A lura kuma, yardar manomi ba ta wadatar idan gonar ta shiga filin hanyar tarayya, ko allon babba ne da ke buƙatar izinin gini.

Turakun wuta da taransifoma kayan kamfanin rarraba wutar lantarki ne, ba na unguwa ba. Yaron da aka ba ɗari biyar ya hau turke da tsakar dare ya ɗaura ƙyalle, ransa aka saya da arha. Alamomin hanya, irin masu nuna kwana ko makaranta ko iyakar gudu, rufe su da fasta ganganci ne da rayukan mutane, kuma jami'an kiyaye haɗurra da na KASTLEA suna da hurumin hanawa. Itatuwan bakin hanya, maɗaci ne ko darbejiya, ƙusa tana yi musu lahani, ita ma wayar da aka ɗaure aka manta tana cin jikinsu a hankali.

Wuraren da dokar zaɓe ta keɓe

Ban da dokokin talla, akwai dokar zaɓe, wadda ke da nata haramcin. Majalisar Dokoki ta Ƙasa kan sabunta wannan doka lokaci-lokaci, lambobin sassa da adadin tara su canza, saboda haka abin dogaro a kowane zaɓe shi ne dokar da ke aiki a lokacin da jadawalin da hukumar zaɓe ta fitar. Amma akwai ƙa'idojin da suka daɗe, waɗanda ke cikin dokar 2010, aka kuma maimaita su a ta 2022 da aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta.

Sashe na 92 na dokar 2022 ya hana amfani da wuraren ibada da ofisoshin 'yan sanda da ofisoshin gwamnati wajen yaƙin neman zaɓe, ko tallata wata jam'iyya ko ɗan takara, ko sukarsu. Hukuncin da dokar ta 2022 ta tanada ga ɗan takarar da ya saɓa shi ne tarar da ba ta wuce naira miliyan 1 ba ko ɗaurin wata 12, jam'iyya kuma naira miliyan 2 a karon farko. Saboda haka katangar masallaci da ta coci, da caji ofis, da sakatariyar ƙaramar hukuma a Dogarawa, ba wuraren liƙa fasta ba ne. Ma'aikacin da ya manna hoton ɗan takara a ƙofar ofishinsa ya jawo wa ofishin zargi, ko da shugaban da yake yi wa aiki ne a hoton. Makarantun gwamnati da asibitoci dukiyar jama'a ce baki ɗaya, da wanda zai zaɓi wannan da wanda zai zaɓi wancan. Barikin soja na Basawa da na Chindit, da harabar jami'a da sauran cibiyoyin tarayya, kowannensu yana da hukumarsa da ƙa'idarsa, takardar ƙaramar hukuma ba ta buɗe ƙofarsu.

Ƙofar gidan hakimi da ta dagaci kuwa, ko ba a kawo maganar doka ba, al'ada ta riga ta yanke hukunci. Uban ƙasa uban kowa ne. Ranar da aka kawo masa ƙarar yage fasta, da wane ido wanda ake ƙara zai dube shi idan hoton mai ƙarar ne ke manne a zaurensa?

Dangane da abin da aka rubuta a jikin fasta, wannan sashe na 92 ya hana zagi da ƙazafi da kalaman da za su sosa ran mutane ta fuskar addini ko ƙabila ko yanki, sashe na 97 kuma ya haramta neman ƙuri'a ko hana ta da sunan addini ko ƙabila. Mutanen wannan jiha ba sa buƙatar dogon bayani a kan dalili. Waɗanda suka ga rikicin da ya biyo bayan zaɓen Afrilun 2011, wanda ya taɓa Zariya da Kaduna da Zonkwa da Kafanchan, sun san abin da ake gudu. Sabon Gari tun kafuwarsa a zamanin zuwan jirgin ƙasa mazaunin kowace ƙabila ne, kalmar da za ta wuce salin-alin a wani ƙauyen tana iya tayar da ƙura a Muchiya ko Cikaji. Har ila yau, hukumar kula da harkar talla ta ƙasa, ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, tana buƙatar a kai mata tallar siyasa ta tantance kafin a fitar. Wannan aikin jam'iyya ne da kamfanin tallarta. Jami'in ƙaramar hukuma da ya ga fasta mai tunzura jama'a, abin da ya kamace shi shi ne ya ɗauki hotonta ya kai rahoto ga 'yan sanda da ofishin hukumar zaɓe.

Lokaci

Dokar 2010 ta ba da kwana 90 na yaƙin neman zaɓe a bainar jama'a. Ta 2022 ta mayar da shi kwana 150, a kuma tsaya sa'o'i 24 kafin ranar zaɓe. Da wannan lissafi ne aka buɗe kamfen shugaban ƙasa da 'yan majalisun tarayya ranar 28 ga Satumba 2022, na gwamnoni da majalisun jihohi kuma ranar 12 ga Oktoba. Zaɓen ƙananan hukumomi daban yake, domin hukumar zaɓe ta jiha, KADSIECOM, ce ke shirya shi da nata jadawalin, kamar yadda ta yi a 2018 da 2021 da kuma 19 ga Oktoba 2024.

Kowa ya san ana riga malam masallaci. Tun da sauran shekara biyu sai a ga allon taya murnar Sallah ko na godiya ga wani jagora, da hoto da tutar jam'iyya, ba abin da ya rage sai kalmar zaɓe. A 2025 INEC da kanta ta koka cewa dokar 2022 ba ta tanadi hukunci bayyananne ga wanda ya fara kamfe kafin lokaci ba. Amma wannan giɓi bai shafi dokar talla ba. Allon barka da Sallah allo ne, yana buƙatar izini da biyan kuɗinsa kamar kowane.

Ranar zaɓe ita ce mai tsanani. Sashe na 126 na dokar 2022 ya hana, a rumfar zaɓe ko a cikin mita 300 daga gare ta, neman ƙuri'a, ko rera taken jam'iyya, ko nuna wata sanarwa ko alama ko hoto ko katin jam'iyya da ya shafi zaɓen, ya kuma sanya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. Mita 300 ta kai tsawon filin ƙwallo uku a jere. Tun da INEC ta ƙara yawan rumfunan zaɓe a 2021 zuwa 176,846 a faɗin ƙasa, rumfuna sun matso kusa da juna, ta yadda a unguwa mai cunkoso kamar tsakiyar Samaru da wuya a samu layin da ya fita daga wannan da'ira. Hula mai tambarin jam'iyya, da riga, da hijabi mai hoton ɗan takara, da fastar da ke bayan Keke, duk a bar su a gida ranar. Da yake rumfuna da yawa a makarantun firamare suke, ya kamata shugabannin jam'iyyu na gundumomi goma sha ɗaya na Sabon Gari su zagaya tun ana jibi zaɓe, kowa ya ɓare nasa daga katangun da ke kewaye da rumfa, kada a bar wa malaman zaɓe da 'yan sanda wannan aiki da safiyar ranar, lokacin da zukata suka riga suka ɗauki zafi.

Idan hukuma za ta cire allo

Hanyar da ta fi kare jami'i da hukumarsa ita ce a rubuta wa jam'iyya ko ɗan kwangilar takarda, a faɗi ƙa'idar da aka saɓa, a ba da wa'adi. In wa'adi ya cika, a ɗauki hoton allon a inda yake, a cire shi da rana ba da dare ba, a shigar da shi cikin rajista, a ajiye shi inda mai shi zai iya zuwa karɓa. A yi aikin layi-layi, duk abin da ya saɓa a wannan layin a kwashe shi rana ɗaya ba tare da duba tuta ba. Allon da ya karkata zai faɗa wa mutane, ko ya taɓa wayar wuta, shi ba ya jiran wa'adi, musamman a farkon damina da iska ke tuge rufin gidaje. Yana da kyau tun kafin a buɗe kamfe shugaban ƙaramar hukuma ya tara shugabannin jam'iyyu da DPO da jami'in zaɓe da hakimai, a karanta ƙa'idojin a gaban kowa, a raba kwafi da Hausa da Turanci.

Wanda ba jami'i ba kuwa, ba shi da ikon taɓa fastar da ba a dukiyarsa take ba. Yage ta, ko shafa mata baƙin mai, ko liƙa wata a kanta, lalata dukiya ne, kuma kundin ɗa'ar da jam'iyyu suka sanya wa hannu ya hana. Sau da yawa yaron da aka aika ne ke kwana a caji ofis, wanda ya aike shi yana gida. Iyaye su lura da wannan. Wanda aka yage wa fasta ya kai ƙara ga 'yan sanda, wanda kuma yake ganin hukuma ce ta nuna masa bambanci ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, ya aika kwafi ga hukumar zaɓe, in bai gamsu ba Babbar Kotun Jiha tana zama a Zariya.

Bayan an ƙirga ƙuri'a, kwashe kaya nauyin wanda ya kafa su ne. A Ingila doka ta ba da kwana 14 bayan zaɓe a cire allunan 'yan takara. A nan, wa'adin shi ne wanda aka rubuta a takardar izini, shi ya sa ya kamata jami'in da ke bayar da ita kada ya bar wannan gurbi babu kwanan wata. Babban zaɓe kan zo ne a ƙarshen rani, kamar na 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris 2023, wato saura 'yan makonni ruwan farko ya sauka. Takardar da aka liƙa da sitaci ruwa ke ɓare ta, ta tafi lambatu, ta haɗu da leda ta toshe kwalbati, abin da ya wuce kuma ya gangara Kubanni. Manyan ƙyallayen roba su ba sa ruɓewa, sai dai suna da amfani: manoma na shanya masara da barkono a kansu, masu tireda na yin rumfa da su. Jam'iyyar da ta sauke nata a kan lokaci tana iya raba wa masu buƙata ta hannun mai unguwa, ƙarafan kuma a tuge su har gindi, a cike ramukan kafin shuka.